Yatsan Maniru Mai Igiya

A Lambara, in aka ce Maniru mai igiya, ba a neman ƙarin bayani. Makaho ne dogo mai faɗin kafaɗa, wanda tun yana saurayi yake zama a ƙofar gidansu da damin rama a dama da kwanon ruwa a hagu, yana tufka. Shi ke yin igiyar guga da ta dabaibayi da ta ɗaure buhunan albasa a kan amalanke. Masu lambu daga Dingyadi sukan tsallake igiyar roba a kasuwar Bodinga su nemi tasa, don ta roba in ta sha rana sai ta riƙa marmashewa.

Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun bai isa zuwa kiwo ba. Mahaifinsa bai yarda a ware shi ba, ya kai shi makarantar allo tare da tsararrakinsa. A can ne Maniru ya fara gane abin da ya rasa. Kowane yaro yana da allonsa, ya rubuta, ya biya, ya wanke, a sake masa wani. Shi kuwa sai a zaunar da shi kusa da ƙafar malam, a faɗa ya maimaita. Ya dami mahaifinsa da kuka har aka sassaƙo masa allo, wani babban ɗalibi ya rubuta masa Fatiha a kai. Ya rungume shi, ya shafa daga sama har ƙasa, ya sake shafawa, bai ji komai ba sai santsin itace. Da kunne ya haddace abin da ya haddace, kuma ba kaɗan ba ne, domin har limanci yakan ja in liman ya yi tafiya. Amma duk sanda ya ji wani yana buɗe shafin Alƙur'ani a masallaci, ƙarar takardar takan tsaya masa a rai. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa Zulaihatu.

Yana da ƙanwa, Halima, da ke aure a Bodinga. Duk ranar kasuwa, in ya sayar da abin da ya sayar, a gidanta yake yin azahar ya ci tuwo kafin ya nemi motar komawa. A 'yan shekarun nan Halima takan yi masa tsiyar yawan shan ruwa, ta ce randarta ba ta kwana da ruwa in yayanta ya zo. Shi kuma ya ce ta hau mota da rana tsaka ta ji.

Cikin 'ya'yan Halima akwai Bahijja, wadda ta samu shiga jami'a. Fannin da aka ba ta shi ne koyar da harshe ga ɗaliban da ba sa gani ko ba sa ji. Ba shi ta nema ba, har kuka ta yi da sunanta ya fito, amma kafin shekara ta zagayo ba ta da hira sai tasa. In ta zo hutu takan ba kawunta labarin yadda ake ɗaure musu ido da ƙyalle a sa su zagaya aji da sanda, don su ɗanɗana abin da ɗalibansu ke ji.

"To in kunka gaji hwa?" in ji Maniru.

"Sai mu kwance, Kawu."

"Madalla da makanta mai kwancewa! In kin koma ki sayo min irin taku."

A shekararta ta ƙarshe malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ta dawo gida ta zauna wata da watanni ba abin yi. Wata ranar kasuwa, bayan ya idar da salla, ta ɗora masa wata takarda mai kauri a cinya. Ta ce rubutun makafi ne, ba da tawada ake yinsa ba. Da tsinken ƙarfe ake huda takardar ta baya, ƙananan ƙuraje su taso ta gaba, mai karatu ya bi su da kan yatsa. Ta ce ana rubuta Hausa da shi, ana rubuta Larabci, kuma a makarantar da ta yi gwajin koyarwa ta ga Alƙur'ani sukutum da aka yi da shi, littattafai manya jere a kan kantar ɗakin karatu.

Maniru ya daina taunar goron da ke bakinsa.

"Alƙur'ani kic ce?"

"Tun daga Baƙara har Nasi."

"Makaho shi buɗe shi da kai nai, shi karanta, ba kowa kusa?"

"Na gani da idona, Kawu. Yarinya ƙarama ma."

Ya sunkuyar da kai yana shafa takardar da ke cinyarsa. Halima ta fito daga madafa ta tambaya ko tuwon ne bai yi ba. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ɗiyata, tsoho na iya koyo?"

Bahijja ta ce me zai hana. Ta faɗa da dukan zuciyarta, domin abin da aka koya mata ke nan, kuma ta yi imani da shi.

Yadda aka nuna musu a aji shi ne a fara da babba kafin ƙarami. Sai ta haƙa ramuka shida a ƙasar tsakar gida, biyu-biyu a jere uku kamar gurbin dara, ta tara tsakuwa. Kowane harafi yana da ramukan da ake sa masa tsakuwa da waɗanda ake bari fanko. Maniru ya durƙusa, babban mutum da furfura, yana laluben ƙasa, kaji na zagaya shi. Kan da ya saba ɗaukar sura daga ji biyu bai sha wahalar wannan ba. Kafin a yi kasuwa kaɗan ya riƙe haruffan duka, har yakan jera mata kalma a ƙasa ya ce ta karanta, in ta yi jinkiri ya ce a mayar da ita aji ɗaya. A Lambara ma ya haƙa nasa ramukan a bayan ɗaki. Zulaihatu ta ce ta auri mai igiya, ga shi tsufa ya mayar mata da shi ɗan dara.

Ranar da aka koma kan takarda ne abin ya tsaya. Bahijja ta kama manuninsa na dama ta ɗora a kan layin farko, ta ce ya ja a hankali. Ya ja. Ta ce me ya ji. Ya ce bai kai wurin ba tukuna. Ta ce ai ya wuce harafi huɗu. Ya dawo ya danna da ƙarfi har ƙurajen suka kwanta, ta sake huda wata takardar. Haka suka yi ta yi har la'asar. Shi dai abin da yake ji shi ne akwai wani abu shimfiɗe a ƙarƙashin hannunsa, amma ko takarda ce ko bango ne, bai iya rabewa ba.

Bahijja ta juya tafin hannunsa tana dubawa. Hannu ne da rama ta ci shekara da shekaru, fatar kan yatsun ta yi kauri ta yi tauri kamar ƙahon rago. Duk yaran da ta taɓa koya wa, hannuwansu masu taushi ne. Ba ta taɓa riƙe irin wannan ba.

"Kawu, kanta ta yi yawa," ta ce. "Ita ta tare. Da za ta ragu, da ka ji."

Ta ce ya riƙa shafa man kaɗanya safe da yamma, kuma ya hutar da yatsan daga aiki. Ya bi maganarta kamar umarnin likita. Ya naɗe manunin da tsumma, ya koma tufka da sauran yatsun. Igiyar ta fara fita sako-sako, wani mai lambu har ya dawo masa da guda ya ce ko ɗansa ne ya tufka. Zulaihatu ta raɗa wa yatsan suna amarya.

"A kawo ma amarya ruwan wanka, ko ta riga ta yi?" takan ce in ta kawo masa fura.

"Ki yi ta yi. Ran da nik karanta miki Yasin da ita, ke ad da kunya."

Ana cikin haka aka janye yajin aiki. Bahijja ta tattara kayanta a gurguje, ga jarrabawar ƙarshe a gabanta. Ta bar masa takarda guda mai layi biyar, ta ce ya ci gaba da shafa mai, in ta gama ta dawo za su ɗora. Ya ce ta tafi da sanin cewa kafin ta dawo zai karanta layukan nan, ya tare ta da su a bakin ƙofa.

Man kaɗanya ya sa fatar ta yi sheƙi, in ji Zulaihatu, amma takarda ba ta ce masa komai ba. Kullum bayan walaha yakan kwance tsumman ya gwada, ya mayar. Da ya ji an fara maganar ɗalibai sun kusa gamawa, sai haƙurinsa ya ƙare. Ya tuna da Zayyanu.

Zayyanu wanzami ne a garin Shagari, tsaransa kuma abokin wasansa, shi ke masa aski tun suna samari. Ba aski kaɗai yake yi ba. Manoma sukan kawo masa kantar ƙafa da kaushin dunduniya ya fere musu da aska, kuma an san hannunsa da sauƙi. Maniru ya same shi a rumfarsa da hantsi, ya zauna a kan tabarma, ya miƙa masa yatsa maimakon kai.

"Mi na na kuma? Ƙaho za a yi ma yatsa?"

"Kanta za ka here min. Karatu ni ka so in yi."

Zayyanu ya yi dariya har da tari. "Karatu! Mu masu ido mun gaza, sai kai? In ka zama hurohwesa ka tuna da wanzaminka."

"Kai dai yi aikinka, tsohon banza. Bakinka ya hi askarka kaihi."

Zayyanu ya jiƙa yatsan a ruwan ɗumi, ya wasa aska a tafin hannunsa, ya ce, "To ga ƙa'ida. Ni ba ni ganin inda matacciyar hwata ta ƙare, kai ka jin ta. Da ka ji ɗan zahi, ko kaɗan na, ka hwaɗi in tsaya."

Haka yake yi da kowa, haka mahaifinsa ya koya masa. Mai ƙafa shi ke tsayar da aska, ko da baki ko da zabura. Ya fara ferewa siriri-siriri, yana ba da labarin wani ango da ya suma a hannunsa. Ya ɗan dakata.

"Ka ji?"

"Ban ji ba. Ci gaba."

Ya ƙara. "Yanzu hwa?"

"Wai ka hwara ma?"

Zayyanu ya ɗauka dauriya ce irin ta Maniru, wanda aka taɓa cire wa haƙori bai yi ko tsaki ba. Maniru kuma ya ɗauka abokinsa tsoro yake ji, yana shafa askar sama-sama. Kowannensu yana jiran ɗayan. Sai da Maniru ya ji labarin ango ya yanke a tsakiya, ya ji wani abu mai ɗumi yana gangara masa a wuyan hannu, sannan ya san an yi wani abu.

"Subhanallahi," in ji Zayyanu. Muryarsa ta canza. "Maniru, don Allah ba ka ji wanga ba?"

"Jini na?"

"Na kai ga nama."

Ya danne wurin, ya barbaɗa garin maganin da yake sa wa kaciya, ya ɗaure. Ya ce kwana kaɗan zai kame, ya ga dubunsa. Maniru ma bai damu ba. A mota yana komawa har daɗi yake ji, yana cewa a ransa in ya warke sabuwar fata za ta fito mai taushi irin ta jariri.

Bai kame ba. Da yake ba ya masa ciwo, bai kula ba, kuma Zulaihatu ta saba ganin yatsan a naɗe, ba ta tambaya ba. Wari ne ya tona. Wata safiya ta matso za ta ɗauki kwano ta tsaya, ta ce ya kwance tsumman nan. Da ya kwance sai ya ji ƙarar kwanon da ya faɗi, sannan salati.

A asibitin garin aka duba aka ce a wuce Sakkwato. A can likita ya sa aka ɗebi jininsa, ya dawo ya tambaye shi tun yaushe yake da ciwon suga. Maniru ya ce shi bai san yana da shi ba. Likitan ya tambayi yawan shan ruwa da yawan fitsari, Zulaihatu ta riƙa amsawa tun kafin mijinta ya buɗe baki. Sai likitan ya ce wa Maniru ya miƙe ƙafafunsa da hannuwansa, in ya ji an taɓa shi ya faɗa. Maniru ya zauna yana jira a fara. Da jiran ya yi tsawo ya ce, "Likita, bisimilla." Likitan ya ce ai ya gama.

Ya yi musu bayani a hankali. Ciwon ya daɗe a jikinsa, ya kashe jijiyoyin da ke kai ji zuwa kan yatsu da tafin ƙafa. Ko da hannunsa ya fi auduga taushi, ba zai ji waɗannan ƙurajen ba. Tufka kuwa hannu ne ya haddace ta, shi ya sa bai lura ba. Kuma ciwon ne ya hana raunin warkewa. Ruɓar ta ci manunin ta taɓa na tsakiya. Aka yanke guda, aka rage rabin ɗayan.

Halima ta hana a gaya wa Bahijja sai ta ajiye alƙalami. Ranar da ta iso Bodinga da akwatinta da murnar gamawa, a bakin ƙofa uwar ta faɗa mata. Ba ta ko shiga ɗaki ba ta nemi motar Lambara.

Ta same shi a inda ya saba zama, sai dai babu rama babu kwanon ruwa. Ya gwada tufka bayan an sallame shi, zaren ya riƙa kuɓucewa, ya bari. Zayyanu yana gefe a kan tabarmar. Tun da abin ya faru yake zuwa duk bayan kwana biyu, ya zauna shiru, ya tashi. Da ya ga Bahijja sai ya sa takalmansa ya ce zai je ya dawo.

Ta durƙusa ta gai da kawunta. Ya amsa da fara'a, ya tambayi jarrabawa, ya ce yanzu sai a kira ta malama. Ta ce, "Kawu, ni nic ce kanta ta. Da ban hwaɗi ba..."

"Ke kin ga kanta, kin ce kanta. Zayyanu ya jira in yi magana, ban yi ba. Ni kau na yi gaugawa. Wa za a kama? Bari wagga magana." Ya gyara zama. "Takardar na nan cikin aljihu. Likita ya hwaɗi nashi, amma ke ba ki gwada sauran ba."

Ta san abin da zai fito, amma ta karɓa ta warware. Ta kama yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na dama da suka rage, sannan na hagu, tana jan kowanne a kan layin farko. A kowanne yakan ɗan karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa, sannan ya ce, "Wuce." Da suka kai ƙaramin yatsan hagu ya ce ta sake ja. Ta sake. Ya girgiza kai.

Zulaihatu tana tsaye a bakin zaure. Sai Maniru ya karɓi takardar, ya juya ta a hannu, ya ɗaga ta a hankali ya kai bakinsa, kamar yadda yakan kai zaren rama in yana son sanin laushinsa. Ya goga ta a leɓensa na ƙasa. Ya tsaya. Ya sake gogawa.

"Akwai abu nan," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Biyu, ɗaya bisa ɗaya. Harahin 'ba' na?"

Bahijja ta leƙa. "Shi na, Kawu! Wallahi shi na!"

Ya matsa gaba kaɗan, ya faɗi na biyun daidai. Na ukun ya kuskure, ya koma ya gyara. Bahijja tana kuka tana dariya, tana cewa ta taɓa jin ana yin haka, akwai waɗanda ba su da hannu ma sam, za ta nemo takardar roba wadda danshi ba ya kwantar da ita, za su fara gobe. Shi kuwa ya sauke takardar ya riƙe ta a cinya. Inda leɓensa ya bi ya yi laushi.

"Shi Alƙur'anin, haka za ni bi nai? Layi-layi, da baki?"

"Kawu, ai mutane na sumbatar Alƙur'ani."

"Sumba daban, lasa daban, ɗiyata. Ni da goro, ni da miyau. In ɓata shahi, wani yaro shi zo bayana shi iske na share mai aya?"

Ta ce a tambayi malamai, wataƙila akwai sauƙi ga mai lalura. Ta ce za a iya goge baki, za a iya samun na roba. Ya bar ta ta gama duka, bai katse ta ba.

"Ko sun ce ya halatta, raina ba shi yarda," ya ce. "Na dai ji yadda harahi yake. Ashe ƙanƙane na haka."

Ya miƙa mata takardar. Ba ta karɓa ba, sai da ya lalubo hannunta ya sa mata. Daga nan ya juya wajen zaure ya ce wa Zulaihatu ta leƙa ta kira Zayyanu, ya san bai yi nisa ba, yana nan bayan katanga. Kansa ya yi gashi, kuma ba ya son a ce ya canza wanzami.